Hitar tsofaffin motoci a lokacin hunturu: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai Golf 3, Jos:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sanyi ya kankama, kuma a nan Jos daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu ma'aunin zafi kan sauko kusan digiri 10 da asuba. Ina so mu yi maganar hita, domin yawancin motocin Beljiyam da muke hawa hitarsu ba ta aiki, kuma ba wanda ya damu sai irin wannan lokaci. Tawa fankar tana busawa lafiya lau, amma ko na murɗa makunnin har ƙarshen ja, iska mai ɗan ɗumi kawai nake samu. Ga kuma ɓarɓashin baƙin soso yana fitowa ta ramukan iska yana zuba a cinyar mutum. Duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, ko wata matsalar daban, ya taimaka mana da labari.

Bakanike, Panteka, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Maigida, wannan soson shi ne ya tona asirin motarka. A cikin dashbod akwai akwatin da ke raba iska, da 'yan ƙofofin ƙarfe masu huji waɗanda kamfani ya lulluɓe da soso. Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta, soson ya riga ya ruɓe, iskar sanyi sai ta bi ta hujin ta gauraya da mai zafi. Maganinsa a buɗe a liƙe hujin da tef na alminiyam, amma aikin yini ne.

Kafin a kai ga kwance dashbod, yi wannan gwajin. Ka bar inji ya yi zafi, ka buɗe bonet, ka nemi tiyo biyu da suka ratsa bango suka shiga cikin mota. Su ne ke kai ruwan inji ga ɗan ƙaramin lagireton da ke ba ka ɗumi. Taɓa su a hankali. In duka biyun da zafi, laifin ƙofofin ne. In ɗaya na ƙuna ɗaya da sanyi, ɗan lagireton ya toshe, galibi saboda ruwan rijiya ko na burtsatse da ake ɗura wa mota shekara da shekaru har tsatsa ta cika shi. In kuwa duk biyun ba zafin kirki, to ko ruwa ya yi ƙasa, ko an cire tamostat.

Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mota na shigowa sai a ce tamostat na ƙasar sanyi ne, a cire a jefar, a haɗa fankar lagireto kai tsaye ta yi ta juyawa tun daga tayar da mota. Alhali an yi tamostat ne ya tare ruwa har inji ya kai zafin da yake buƙata, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe. Babu shi, da asubar hunturu allurar zafin inji ba ta ko motsawa, inji na aiki a sanyaye, yana shan mai fiye da ƙima, kai kuma kana rawar ɗari a ciki.

Direban Fijo, Funtuwa:
Oga bakanike, ban ƙi ta taka ba, amma ka tuna da watan Afrilu. Mu da muke lodi muna bin titi da tsakar rana, tsoron zafin inji ne ya sa muke yarda a cire. Tawa 504 ce doguwa, cikin waɗanda aka haɗa a Kaduna. Tun da na saye ta na tarar an haɗe tiyon hita biyun da guntun bututu, ba ruwan da ke shiga ciki. Wahalata ita ce lodin asuba. Mota cike da fasinja, kowa ya naɗe da bargo, an rufe gilasai ruf, kafin mu bar gari gilashin gaba ya yi gumi ta ciki. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya da tsumma, ga hazo a waje, ga fitilun tireloli na haske maka ido. Dole nake sauke gilashina kamar yatsa biyu, na bayana su yi ta ƙorafi, ni kuwa gara su yi fushi da ni mu isa lafiya.

Bakanike:
Alhaji, tamostat mai lafiya ba ya sa zafin inji. Lagireto mai datti, marfin da ya saki, da fankar da ta gaji, su ke jawo shi. Mai gyara ne ya gudu daga neman ainihin ciwon.

Malama mai Carina E, Zariya:
Kan maganar gumin gilashi, ni abin da na gano shi ne maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe. Saboda ƙurar hunturu kullum a kunne nake barinsa in ina kai yara makaranta, to iskar cikin ce ke ta zagayawa da numfashinmu, gilashi ya yi fari fat. Da na koma kashe shi, na juya iska sama wajen gilashi, na kunna esi tare da hita, nan da nan yake washewa, domin esi na tsotse danshi. Mutane na mamakin kunna esi a cikin sanyi, amma iska mai ɗumi ce ke fitowa, busasshiya.

Sai dai kwanan nan akwai sabon abu. Ina jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi in hita na aiki, gilashin kuma in na goge sai ya bar maiƙo, kafet ɗin gefen mai zaman banza a jiƙe. Malam bakanike, me ke nan?

Mai Marsandi, Maraɗi:
Ni tawa matsalar a juye take. Marsandi ce ta wajen 1990, ta Kwatano ta shigo. Hitar ba ta mutuwa! A hunturu daɗi, amma da bazara ƙafafuna kamar a bakin murhu. Mai wayarin ya nuna mini wani bawul na lantarki a ƙarƙashin bonet, ya ce haka aka yi shi: in wuta ta daina zuwa masa, a buɗe yake tsayawa, don kada mai mota a Jamus ya rasa ɗumi a tsakiyar ƙanƙara. Waya ce ta tsinke, aka gyara. Wani da tuni ya yanke tiyon.

Tsohon ma'aikaci, Bauci:
'Ya'yana, ku ji wannan, don ya shafi rai. Motata ta farko Volkswagen Beetle ce, wadda ba ta da lagireto sam, iska ke sanyaya injinta. Ɗumin cikinta daga jikin salansa ake ɗebo shi. Da ƙarfen ya ci tsatsa ya huje, hayaƙi ya riƙa biyo iskar. Wata tafiya da dare na ji kaina na sarawa, barci na fizgata, uwargida kuma ta ce zuciyarta na tashi. Allah ya sa na tsaya muka fita muka sha iska. Gubar da ke cikin hayaƙin mota ba ta da wari, ba ta da launi. Ko motarka mai ruwa ce, in salansa ta fashe kuma ƙasan motar ya huje, kada ka kwana ciki da inji a kunne don jin ɗumi. Direbobin da ke kwana a tasha, da ku nake.

Direban bas, hanyar Akwanga zuwa Jos:
Baba, Allah ya saka da alheri. Ni amfanin hita a Hawan Kibo na gan shi. Allura ta tasar wa ja ga lodi, na buɗe hita da fanka har ƙarshe, muka sauke gilasai. Ɗan lagireton ya ɗebe zafin da ya ishe ni in lallaɓa zuwa inda zan iya fakin. Fankar tawa ma a lamba huɗu kaɗai take aiki, ɗaya zuwa uku shiru.

Bakanike:
Direba, ɗan resista ne mai rage gudun fankar, da ke kusa da ita, ya ƙone, ba shi da tsada. Malama kuwa, naki ba na jira ba ne. Ɗan lagireton hita ne ke yoyo, ƙamshin na kulan ne, wato ruwan sanyaya inji, kuma guba ne, bai kamata yara su riƙa shaƙa ba. Kowace safiya kafin ki tayar da mota ki duba ruwa, kada ki taɓa buɗe marfin in inji da zafi. In kuɗin canzawa bai samu ba yanzu, a haɗe tiyon biyu na ɗan lokaci, esi kaɗai zai riƙe miki gilashi. Ranar da aka sa sabo, ki tsaya a kansu su fitar da iskar da ta maƙale a layin ruwa, in ba haka ba za ki riƙa jin ƙulu-ƙulu a dashbod, hita ta yi zafi a kan gudu ta huce da kin tsaya a danja.