'Yata ta wuce 'yan ajinsu, makaranta ta ƙi matsar da ita gaba

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman malamai da iyaye. Shawara nake nema.

'Yata shekararta 8, tana aji uku a makarantar gwamnati. Allah ya ba ta kaifin basira, har lissafin 'yan aji biyar take warwarewa. Yanzu ta fara ƙin zuwa makaranta. Malamarsu ta ce ta cika surutu, amma zaman jira ne ke damunta, domin sai kowa ya gane ake wucewa gaba.

Ban ga laifin malamar ba. Aji ya cika maƙil, manhaja ɗaya ce ga kowa, dole hankalinta ya koma kan waɗanda aka bari a baya. Sai dai ita ma yarinyar haƙƙinta ne ta koyi sabon abu.

Na nemi a tsallakar da ita aji, shugaban makaranta ya ƙi, wai za ta yi ƙanƙanta cikin manya. Makarantar kuɗi kuma ba ni da halinta.

Shin tsallake aji yana cutar da yaro wajen mu'amala da tsara? Ko gara in roƙi malamar ta riƙa ware mata aiki mai ɗan wuya? Kuma wa ke yin gwajin basirar da makaranta za ta amince da sakamakonsa?