Injin oksijin a ɗakin jarirai: me ke kan nas, me ke kan injiniya?

Sista: Assalamu alaikum. Injin tace oksijin yakan yi ta ƙara lokacin hunturu, jaririn da ke kan CPAP (na'urar da ke tura masa iska mai ɗan matsi ta hanci don taimaka masa numfashi) kuma oksijin ɗinsa ya ƙi hawa. Wane ɓangare ne namu, wane ne sai injiniya?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Sista. Soson tace ƙura na bayan injin naku ne. A cire shi duk mako, a wanke da ruwa da sabulu, ya bushe sarai kafin a mayar. Da ƙurar hunturu gara sau biyu. Jiƙaƙƙen soso yana kai danshi cikin tulunan ziyolait, sinadarin da ke riƙe naitirojin na iska ya bar oksijin ya wuce, su kuwa in sun sha ruwa sai sauyi. A ja injin nesa da bango kamar santimita 30, a haɗa shi da sitabilaiza. Auna tsaftar iskar namu ne: lafiyayyen inji yana ba da oksijin kashi 90 cikin ɗari zuwa sama, in ya faɗi ƙasa da 82 a ɗauke shi daga kan majinyaci.

Metiron: Kafin a kira injiniyoyi, a duba kwalbar ruwa ta CPAP. Zurfin tiyo a cikin ruwan shi ne matsin iskar, santimita 5 ake farawa da shi. Babu kumfa? To iska na zurarewa, galibi ta hanci ko bakin jariri a buɗe. Majina ma tana toshe hanci, a zuƙe ta.

Injiniya: Haka ne, Hajiya. A kuma rataya kati a jikin injin, nas ta rubuta lokacin da ya yi ƙara, lita nawa na iska yake bayarwa a minti, da launin fitilar da ta kama. "Ya lalace" kaɗai ba ya nuna mana inda za mu kwance.