Fitsarina ya koma rawaya tun da na fara shan B-complex

Maman Ihsan: Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin lafiya, na fara shan B-complex, ƙwayar nan ta haɗin bitamin B, saboda kasala, sai ga fitsarina ya koma rawaya shar kamar an zuba kurkum. Surukata ta ce shawara ce, har ta jiƙa min saiwoyi. In daina ƙwayar ne?

Ɗan Kemis: Wa alaikis salam Hajiya. Bitamin B2 ne, mai suna ribofilabin, launinsa ke nan. Yana narkewa a ruwa, jiki ya ɗauki abin da yake bukata, ƙoda ta fitar da saura. Ki duba farin idonki. In bai yi rawaya ba, kuma fitsarin bai yi duhu kamar shayi ba, ki ajiye jiƙon Mama.

Anti Nas: Gaskiya ne, amma kada a ɗauka duk rarar fita take yi. Hanta tana ajiye B12 shekaru. B6 kuwa in aka daɗe ana zabga shi da yawa yana taɓa jijiya, ƙafa ta riƙa mutuwa. Kasalar ma ki je a auna jininki.

Maman Ihsan: Idona fari tas. Yanzu rigimar, wa zai gaya wa Mama?