Ga rashi, ga aiki, ga yara

Waɗanda suka taɓa shiga halin rasuwar wani nasu, alhali ga aiki ga kula da yara, sun fi tsayawa kan yara a shawarwarinsu. Suka ce a faɗa wa yaro gaskiya, cewa mutumin ya rasu. Kada a ce ya yi tafiya ko yana barci, don ƙaramin yaro zai zauna jiran dawowarsa, wani ma ya soma tsoron kwanciya. Ni ma wannan ce ta fi shiga raina.

A wurin aiki, a sanar da shugaba da wuri, a nemi sassauci. Wanda ya ce zai taimaka, a ba shi takamaiman aiki, kamar ɗauko yara daga makaranta. Idan an haura wata 6 baƙin ciki na hana barci da aiki, a ga likita.