Waɗanda ruwa ya taɓa ci wa gida: ta yaya kuka samu wurin kwana da abinci?

Maman Halima, Kusiri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda abin nan ya taɓa faɗa wa da kansa ya gaya mana yadda ya yi. Ƙanwata da 'ya'yanta huɗu suna wurina yau kwana goma sha ɗaya, tun da ɗakin da take haya ya rufta. Ginin ƙasa ne, ruwa ya kwanta a gindinsa kwana uku, da asuba sai katanga ta zauna. Allah ya tsare rai, amma buhun dawar da ta ajiye ya tsiro cikin laka. Mijinta ya rasu bara. Yanzu mu goma sha ɗaya ne a ɗaki biyu, tukunyar da nake ɗorawa sau biyu a rana ta koma sau ɗaya, ga faktir ɗin kuran, wato takardar kuɗin wutar lantarki, na wata biyu a kaina. An ce ana rubuta sunayen waɗanda za a ba taimako, na je gidan bulama, wato mai unguwa, sau biyu ban same shi ba. Wa ake gani, kuma me ake riƙewa a hannu?

Baba Mai Kifi, Yagwa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya mayar da alheri. Mu a 2024 muka sha tamu, shekarar da gadar cikin gari ta karye mutane suka koma shiga kwalekwale. Ni da iyalina a ajin lakwal muka fara kwana, gida shida a aji ɗaya, zane muka ɗaura tsakani. Da watan Satumba ya kama aka ce yara za su koma karatu, sai aka mayar da mu fili. A can ne 'yan Kurwa Ruj, wato ƙungiyar agaji ta Red Cross, suka ba mu tamfol, tabarma, gidan sauro, bokiti da sabulu. Abinci bai zo ba sai daga baya.

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Masu rubutu gida suke bi, suna tambaya gidan wa ya faɗi. Sai a faɗi sunan mai gida, alhali shi yana can unguwar tudu ƙafarsa ko jiƙewa ba ta yi ba, ɗan haya kuwa da tabarmarsa ta tafi da ruwa babu shi a takarda. Maƙwabcina haka aka yi masa, yana tsaye a layi aka kira sunan mai gidansa. Don haka ki tabbata sunan ƙanwarki aka rubuta, ita ce uwar gida mai ciyar da mutum huɗu, kuma a rubuta cewa mijinta ya rasu. Kada a haɗa ta da gidanki a ce ai ta samu masauki. Bulama kuwa, bayan sallar asuba ake kama shi, kafin ya fita.

Inna Mai Ƙosai, Njamena

Maman Halima, sannu da ɗawainiya. Ni a unguwar Waliya ruwa ya tashe mu a 2022, kuma ba ruwan sama ba ne, kogi ne. Ku da kuke bakin mahaɗar kogunan Logon da Shari kun fi ni sani, sai sama ta ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sannan kogi yake cika ya tumbatsa. Idan ƙanwarki za ta kama wani ɗaki, ta tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a 2022 da 2024 kafin ta ba da ko dala.

Mun yi watanni a sansanin Tukura cikin rumfar tamfol. Rana ta yi kamar tanda, dare ya yi sauro. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne taimakon kuɗi da aka turo ta waya. Layin da na bayar da sunan ɗana aka yi masa rajista, shi kuma ya yi tafiya da katinsa na ɗan ƙasa, na yi sati uku ina kallon saƙo a waya ba ni da ikon cirewa, yara suna shan kunu tsurarsa babu sukari. Ta ba da layin da ke da sunanta, ta riƙe lambar sirrinta ita kaɗai.

Abban Sadiya, Kusiri

Ku yi haƙuri, ni tawa ba daɗi. Sau uku aka rubuta sunana, mutane daban-daban da riguna daban-daban, ko ƙwayar shinkafa ban gani ba. A na ukun wani ya ja ni gefe ya ce in kawo jaka biyu ya sa ni a sama. Na bayar, don yunwa ba ta barin mutum ya yi tunani. Ban sake ganinsa ba. Daga baya wani ma'aikacin agaji ya ce mini rubuta suna kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗi ɓarawo ne. Yaya, ki je a rubuta, amma kada ki ɗora tukunya kina jiran su. Mu abin da ya riƙe mu shi ne wani mai shago da ya buɗe mini littafin bashi na wata biyu bai taɓa ɗaga mini murya ba, da surukata da ta aiko da rabin buhun masakwa daga ƙauye.

Malam Na Bakin Kasuwa, Marwa

Hajiya, kada kunya ta hana ku zuwa wurin liman. Mace mai marayu huɗu da ɗakinta ya rushe tana cikin waɗanda Allah ya ba haƙƙi a zakka, ba roƙo ba ne. A masallacinmu ranar Juma'a ɗaya aka shimfiɗa rawani aka tara wa wata baiwar Allah kuɗin hayar wata uku, ba a ma ambaci sunanta ba.

Maganar kuran, ban taɓa ganin ƙungiyar da ta biya wa wani faktir ba. Lokacin da ciwo ya kwantar da ni bashin wata uku ya taru, na ɗauki takardun da abin da ke hannuna na je ofis tun kafin su zo yankewa, na roƙa a raba mini biya. An karɓa. Wanda ya bari aka yanke, sai ya biya bashin ya ƙara da kuɗin mayarwa.

Maman Biyu, Mokolo

Ba wanda ya yi maganar yara, shi ne ya sa na shigo. Lokacin da muka koma ci sau ɗaya, ƙaramina ya daina wasa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ni ina cewa haƙori ne. Wata maƙwabciya ta matsa mini na kai shi likita. Suka zagaya masa wani ɗan awo mai launi a damtse, ya faɗa a ja. Nan take suka ba ni ƙullin abincin gyaɗa na tamowa, duk sati ina komawa karɓa, ban biya ko sisi ba. Cikin sati shida yaro ya tashi yana bin awaki. Idan cikin huɗun nan akwai wanda bai kai shekara biyar ba, ku kai shi a auna ko da kuna ganin lafiyarsa lau. Ruwan sha kuma a tafasa ko a sa maganin tsarkakewa, bayan ambaliya ne amai da gudawa ke shigowa.

Akwai kuma shirin gwamnati na File Sosiyo da Bankin Duniya ke tallafa wa tun 2013. Yayata ta shiga, duk wata biyu tana karɓar kuɗi har ta sayi akuya biyu. Sai dai shi zaɓen gidaje ake yi a unguwa, yana ɗaukar lokaci, ba zai tsayar da yunwar wannan satin ba. A cikin matan adashinmu kuwa, duk wadda masifa ta faɗa wa ita ake ba kwasar watan ko ba layinta ba ne. Idan kina cikin adashi ki faɗa wa uwar adashi yau.

Maman Halima, Kusiri

Allah ya saka muku da alheri, na karanta wa ƙanwata duka tana hawaye. Baba, na bi maganarka, yau bayan asuba muka tarar da bulama a ƙofar gida yana shan shayi. Ashe kuwa sunan mai gidan hayar aka riga aka sa. Ya gyara a gabanmu, ya rubuta nata da yara huɗu. Katinta na ɗan ƙasa yana cikin ƙullin da ta fita da shi, amma takardun haihuwar yara biyu sun narke, shi ne abin da za mu bi gobe a ma'aikatar magajin gari. Maman Biyu, autarta shekararta biyu, na duba gashinta gabana ya faɗi, da safe za mu kai ta awo. Uwar adashinmu ta yarda a ba ni kwasar wannan watan, jaka talatin, zan rage faktir da rabi sauran a sayi dawa.

Saura ɗaki. Wanda ya san inda ake ba da ɗaki ɗaya a nan Kusiri, wurin da ruwa bai kai ba a 2024, kada ya wuce jaka takwas a wata, kuma mai gidan ya yarda da wata ɗaya a gaba maimakon uku, don Allah ya sanar da ni kafin kogi ya fara hawa.