Wanda ya yi noman rani da sola, ya ba mu labari

Mai tambaya, daga Auyo:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara da shekaru da injin fetur nake ban ruwa a fadamarmu. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta haura 1,000. Da na yi lissafin alkamar bara, ni na yi wahala, inji ya ci riba. Ina shawarar sayar da bijimi ɗaya in sa sola. Don Allah ban da masu talla, wanda ya yi rani guda da ita a gonarsa nake son ji.

Mai albasa, daga Ringim:
Wa'alaikumus salam Malam. Rani biyu ke nan ina kanta. Ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, ba ka neman bakanike kullum. Sai dai ita ke yanka maka lokaci. Da can da asuba nake tayar da inji, kafin hantsi na gama. Yanzu da sassafe ruwan kamar na bakin buta yake zuwa, sai rana ta ɗaga sosai mesa take cika, bayan la'asar kuma ta fara sanyi. Dole na raba gonar gida uku, kowane ɓangare da ranarsa. Mai gaggawa ba zai ji daɗinta ba. Sannan ga hunturu. Ranar da hazo ya rufe gari ƙarfinta raguwa yake, kuma lokacin ne alkama ke kan ganiyar shan ruwa. Ƙura ma tana kwanciya a kan farantan. Yarona na ɗora wa aikin gogewa da tsumma mai laushi kowace safiya, ranar da ya yi nawa a bakin mesa nake ganewa.

Wani daga Kura:
Mu nan ruwan Tiga ke zuwa mana ta kwata, sai gonakin da ke kan tudu ne ke buƙatar inji. Ban iya kuɗin sola ba, sai na kai injina aka canza masa kabureta ya koma gas ɗin girki. An sami sauƙi da farko, amma shi ma gas ɗin ya bi sahun fetur.

Dattijo, daga Kafin Hausa:
Ɗana, ka ji abin da ya same ni. Wata biyu da kafawa aka kwance min faranti biyu da daddare. Injin fetur kana gamawa ka ɗaure shi a bayan babur ka kai gida. Wannan kuwa a daji take kwana. Yanzu na sa maƙeri ya yi mata firam a kan amalanke, shanu su kai ta da safe su dawo da ita da magariba. To ka ga in ka sayar da bijimin, wa zai ja maka?

Mai tambaya:
Baba, wallahi ban kawo wannan a raina ba.

Malamar asibiti, wani ƙauye a Kano:
Ni ba manomiya ba ce, amma ku bar ni in sa baki. Firjin allurar rigakafinmu da sola yake aiki, kuma mun daina karɓar haihuwa da fitilar waya. Abin da ya ba mu wahala batir ne. Da ya mutu sai da muka yi watanni kafin a canza. Naku na gona in kai tsaye yake daga faranti zuwa sumo, wato famfon da ake zurawa cikin rijiya, kun huta da wannan.

Ɗalibi, daga Haɗeja:
Ƙarin bayani kaɗan. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, Buhari ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa daga iska nan da 2060. A Janairun 2023 kuma ya buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso. Duk injin da aka kashe a fadama yana cikin wannan lissafin.

Mai albasa:
Ɗan makaranta, Allah ya yi albarka, amma ba Glasgow ce ta kai ni ga sola ba, gidan mai ne. Abin da ke damuna yanzu daban ne. Lokacin fetur kowa yana ƙirga lita, ƙasa na jiƙa ya kashe inji. Yanzu maƙwabcina kunnawa yake ya tafi kasuwa, ruwa na malala har hanya, don a ganinsa kyauta ne. Bana a watan Afrilu rijiyata ta fara jan iska, sai da na ƙara bututu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na yi magana da ƙanena, gonakinmu a haɗe suke. Za mu haɗa kuɗi bayan an sayar da shinkafar damina mu sayi ɗaya, mu riƙa karɓa-karɓa. Tsohon injin zan ajiye saboda ranakun hazo. Baba, nawa maƙerin ya karɓa a aikin amalanken?