Batirin lemun tsami ya ƙi kunna ƙwan fitila, ina matsalar take?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba yarona aikin makaranta ya haɗa batiri da lemun tsami. Mun soka ƙusa biyu a lemo ɗaya, muka jona da ƙwan tocila, ko ƙyas. Me za mu gyara?

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙusoshi iri ɗaya ba sa ba da wuta. Sai ƙarfe biyu mabambanta: ƙusa mai rufin tutiya, irin wadda ba ta saurin tsatsa, da guntun wayar tagulla da aka feƙe robarta. A murza lemon a kan tebur har ya yi laushi, a soka su da tazarar kamar santimita 2, kada su taɓa juna a ciki. Lemo ɗaya yana ba da kusan volt 0.9 (volt shi ne ma'aunin ƙarfin tura wuta), girmansa ba ya ƙara wannan adadin. Asalin wutar daga tutiyar take yayin da tsami ke cin ta.

Mai gyaran rediyo: Hajiya, ajiye ƙwan tocila mai zare. Ɗaruruwan miliyamp (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) yake ja, lemo kuwa da ƙyar ya kai 1. Nemi jan LED, wato ɗan ƙaramin ƙwan lantarki mai ƙafa biyu, shi ke kamawa a volt 1.8 zuwa 2. Fari da shuɗi sai wajen 3. Jera lemo 4, a jona tagullar wannan da ƙusar na gaba da waya. Doguwar ƙafar LED ta tafi ga tagullar da ta rage, gajerar ga ƙusa. In aka juya ba zai kama ba. A gwada cikin duhu, hasken ba yawa.

Mai tambaya: Alhamdu lillahi ya kama, amma yana dushewa bayan 'yan mintoci.

Malamin kimiyya: Kumfar iskar haidurojin ce ke taruwa a jikin tagullar tana tare hanya. A zare, a goge ƙarafan da samfefa, a soka a sabon wuri. Nannaɗe wayar tagullar ta yi faɗi yana taimakawa sosai. Ana iya amfani da dankalin turawa a madadin lemo; wanda aka dafa minti 8 ya fi ɗanyensa ba da wuta, don dahuwa tana fasa ƙwayoyin cikinsa.

Wata ma'aikaciyar jinya: A zubar da lemon da dankalin bayan an gama, tutiya ta narke a ciki, kada yara su ci.